Sai Mara Lafiya Ya Ci a Gabanki

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo daga asibiti. 'Yata Caroline ce ta ce in riƙa rubuta abin da babanta ya ci kowace rana, da lambar da na'urar gwajin suga ta nuna, don in nuna wa likita. Har littafin ta aiko daga Abuja, sai ka ce a Jalingo ba a sayar da littafi. To, ga shi na fara. Lambar yau da safe sha tara. Likita yana son ya ga ƙasa da takwas.

Dokta Mus'ab bai ɓoye mana komai ba. Ya duba ciwon da ke ƙarƙashin babban yatsan mijina Simeon na ƙafar dama, ya danna gefensa da ƙarfi, Simeon bai ji ba. Ya ce ya ba mu mako uku. Ga allura, ga ƙwayoyi, amma rabin maganin yana cikin tukunyata. In suga ya sauka, ciwon ya fara bushewa, shi ke nan. In bai sauka ba, akwai abin da za a yi wa ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ya faɗi kalmar. Ni ba zan rubuta ta a nan ba.

Da ya tambayi abin da yake ci shekarun nan, Simeon ya gyara zama ya ce, "Dokta, duk unguwar Barade ba wanda ya kai matana iya abinci." Likita ya dube ni, ya mai da kansa kan takarda.

A cikin keke muna dawowa, abu ɗaya mutumin nan ya tambaya: ko sabuwar doyar Zing ta shigo kasuwa.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Na je kasuwa tun da sassafe. Na sayo acha, wake, busasshen kifi, daddawa, yalo, ɗanyar kuɓewa, da agada, babbar ayabar nan ta dafawa, wadda ba ta nuna ba. Zogale muna da shi a bayan gida, shekara da shekaru awakin maƙwabta ne kawai ke amfana da shi. Na kwashe suga da madarar gwangwani da dunƙulen miya na zuba a leda na kai wa maƙwabciya. Babbar tukunyar suyata, wadda na soya naman biki fiye da ɗari a cikinta, na wanke na kife a ƙarƙashin gado.

Da rana na yi faten acha da alayyafo mai yawa da kifi, mai cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Na ɗanɗana. Ya yi daɗi, ba don ni na dafa ba. Daddawa in ta samu kifi ba ta neman taimakon kowa.

Simeon ya juya cokali a ciki ya ce, "Maman Caro, wannan abinci na mutum ne ko na zomo?"

Na ce na mutum mai ƙafa biyu ne. Ya ci rabi.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Sha shida. Alale da kunun gero mara suga. Ya ɓata fuska, amma ya shanye.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Sha biyu. Na duba sau biyu don kada idona ya yaudare ni. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan, dafaffiyar agada da miyar yalo. Yau har ya nemi ƙari, yana yi yana gunaguni. Da na kwance bandejin na ga gefen ciwon ya daina ruwa. Na daɗe ban yi waƙa a kicin ba, yau na yi.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Na roƙi Simeon kada a sanar a coci. Ya ce shi dattijon ikilisiya ne, ba zai yi ciwo a ɓoye kamar ɓarawo ba. Ni kaɗai na je sujada, ina zaune Pasto ya karanta sunansa a cikin marasa lafiya.

Ana tashi, Mama Miriam, shugabar Zumuntar Mata, ta rungume ni a bakin ƙofa. Tare muka yi ƙuruciya da ita, tare muka shiga Zumunta. Ta ce, "Mama Lois, kin ɓoye mana? Kar ki damu, daga gobe layi ya fara. Ki huta da wuta."

Na buɗe baki in ce a'a, sai ga mata sun kewaye ni da sannu, sannu. Na yi ta amsawa har na kai bakin titi.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, don Caroline ta daina tambayata a waya me ya sa ba zan ce musu kawai su bari ba.

A Zumuntarmu, in wani ya kwanta ciwo, mata kan yi layi, kowace rana mace ɗaya ta kai masa abinci a kula. Ba ta ajiyewa ta tafi. Sai ta buɗe da hannunta, ta yi addu'a, ta zauna har mara lafiya ya ci a gabanta. Ba a mai da kula da abinci a ciki. Wanda ya mayar ya mai da addu'ar da aka zo da ita. Ni na kawo wannan doka, shekara goma sha tara da suka wuce, bayan mun gano wata tsohuwa da muke kai wa abinci jikokinta ne ke cinyewa, ita tana kwana da yunwa. Na tsaya a gaban mata na ce daga yau sai mara lafiya ya ci a gabanki. An tafa mini. Har wasu coci-coci suka kwaikaya.

Yau Cecilia ce ta fara, wadda ke zaune a Kachalla Sembe. Sakwarar sabuwar doya malmala uku, miyar agushi mai yana yawo a kai, ga malt guda biyu masu sanyi. Na ja ta gefe na ce likita ya hana. Ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, na rana ɗaya? Abinci da an yi addu'a a kai ba zai yi masa komai ba."

Simeon bai ko dubi inda nake ba. Ya wanke hannu. Na tsaya a jikin ƙofa ina kallon loma tana bin loma, wake da rama da na dafa suna hucewa a kicin. Ya tashi da malmala biyu da rabi. Cecilia ta ce, "Kin gani? Yunwa ne yana damun Baba."

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Ashirin da ɗaya.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe uku na yamma

Jiya shinkafa da soyayyar kaza. Yau soyayyar doya da ƙwai da kunun zaƙi. Dukansu a wurina suka koyi girkin nan, ina gane hannuna a cikin kowace kula. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na ɗaura zanin Zumunta na je taro, da littafin nan a jaka. Bayan addu'a na nemi izini na miƙe. Na karanta musu lambobin. Na ce ba na ƙin alherinsu. Mai son kawowa ta kawo wake, ko acha, ko ganye, ko kifi, ba suga, ba suya. In hakan zai yi wuya, ta zo da addu'a kawai, mun gode.

Wata daga baya ta ce, "Mu kai wa dattijon coci ganye? Mutane za su ce me?" Wata ta ce mijinta ma yana da suga shekara goma, yana cin komai, ga shi nan garau. Cecilia ta ce ta lura Baba ya rame, wuyansa duk ya fito. Ba ta ce ni na ramar da shi ba. Ba sai ta ce ba.

Mama Miriam ta ɗaga hannu aka yi tsit. Ta ce, "Mama Lois, ke ne kin koya mana wannan abu. Lokacin da maigidana ya kwanta, ke kin kawo tuwon shinkafa da naman rago, kin zauna har ya cinye. Ban ce miki likita ya hana ba. Yanzu ya zo gidanki, abincinmu ya zama guba?"

Ban san likita ya hana shi ba. Shekara bakwai da rasuwarsa, yau na fara ji. Na koma na zauna riƙe da littafi.

Suka ce za su rage mai. Aka rufe da addu'a, aka sa sunana a ciki, cewa Ubangiji ya ba ni kwanciyar hankali.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na roƙe shi. Ban taɓa durƙusa wa Simeon a kan abinci ba sai yau. Na ce in sun kawo ya ɗanɗana loma ɗaya ya ce ya ƙoshi. Ya ce, "Mace ta bar aikinta, ta hau keke daga Sunkani da kula a cinya, in ce mata na ƙoshi? Maman Caro, ni ba haka aka rene ni ba." Kunya ce, na yarda. Amma na ga yadda yake leƙen ƙofa in sha biyu ta yi, kuma wannan ba kunya ba ce.

Ciwon ya koma ruwa. Akwai wari. Na buɗe tagogi na ce zafi nake ji.

Caroline ta kira ta ce, "Mama, ki kulle get mana." Daga Abuja kulle get ba wuya. Ba ita za ta zauna a benci ɗaya da su ranar Lahadi ba, ba ita za su ɗauka zuwa kabari ba.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Ashirin da uku. Yatsa na biyu ya fara baƙi. Saura mako ɗaya.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Na yi.

Yau layin Mama Miriam ne. Tun sha ɗaya da rabi na ɗauki kujera na zauna a bakin get daga waje. Ta sauko daga keke da babbar kularta ja, ta sha ɗaurin kallabi, tana murmushi tun daga nesa. Na ji ƙamshin kafin ta iso: dafa-duka da naman akuya, irin wadda nake sa wa citta da kanumfari. Ni na koya mata a bikin ɗanta na fari.

Na miƙe na gaishe ta. Na ce ta shigo ta yi addu'a, amma kula za ta tsaya a waje.

Ta ce, "Ban ji ba."

Na maimaita.

Ta ce, "Lois, ni ne fa. Miriam."

Na ce na sani. Na ce ƙafarsa tana ruɓewa, in tana so in kwance mata ta gani. Muryata ta tashi ban sani ba. Mai shagon da ke kallon gidanmu ya fito, matan da ke ɗiban ruwa suka ajiye bokiti. Ta tsaya da kula a hannu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Tun asuba na tashi." Ta juya ta tsai da keken da ya kawo ta, bai ma yi nisa ba.

Na shiga na zuba wa Simeon tuwon dawa malmala ɗaya ƙarama da miyar kuɓewa da kifi. Yana zaune a bakin taga. Ya ga komai.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Jiya bai ci ba har yamma. Da ya buɗe baki, cewa ya yi, "Shekara arba'in ina gina sunana a garin nan. Kin rushe shi a bakin get da rana tsaka." Na ce sunan ba ya tafiya da ƙafa, shi ne ke tafiya da ita. Ya ce gara a kai shi kabari da mutunci.

To, a kai shi. Wa zai wanke, wa zai ɗauke, wa zai zauna a gidan nan shi kaɗai yana sauraron agogo? Mutunci?

Na ce masa allurar da na yi masa ba ta son cikin da ba komai. Ya ci, yana kallon bango.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Ba wadda ta zo, ba jiya ba, ba yau ba. Ko da addu'a. An cire ni daga rukunin Zumunta na waya, ko kuwa wayar ce ta lalace. Sha huɗu.

Lahadi, 24 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Ban je sujada ba. Sha ɗaya. Ina jin ƙararrawa daga nan. Na zauna ina tsince wake, ina tunanin mijin Miriam da yadda ya share kwanon nan da yatsa don ya faranta mini, ni kuma ina ta cewa ƙara, Baba, ƙara.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma, a asibiti

Tara da ɗigo biyar. Dokta Mus'ab ya karanta littafin shafi-shafi. Na manta ba lambobi kaɗai ke ciki ba, sai da na ga ya daɗe a kan shafin Talatar da na tare Miriam a get. Sannan ya tambaya, "Me ya faru daga sha ɗaya ga wata zuwa sha takwas?" Na ce baƙi muka yi.

Yatsu biyu ba za su tsira ba, gobe da safe za a shiga da shi ɗakin tiyata. Sauran ƙafar, ya ce sai ya buɗe ya gani. Ya ce da makon nan na tsakiya ya tafi kamar na farko, da wataƙila ba mu kai nan ba. Ya ce wataƙila. Na riƙe wannan kalma, don in na sake ta ban san wa zan fara shaƙewa ba.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe sha biyu na rana

An fito da shi. Biyu kawai, zuwa yanzu.

Alhamis, 28 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Kullum sai in koma gida in dafa in kawo, sau biyu. Matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu ta leƙa kwanona ta tambayi yadda ake faten acha. Na koya mata: ki wanke achar sau uku saboda tsakuwa, ki bari kifi da daddawa su dahu tukuna, ganye a ƙarshe, kada ki rufe tukunya bayan kin zuba shi. Ta ce useko, godiya da Fulatanci, ta rubuta a bayan takardar magani. Mutum na farko ke nan da ya nemi girkin nan da kansa.

Pasto ya zo shi da dattawa biyu. Sun gaishe ni gaisuwar da ake yi wa matar wani. Simeon ya yi ta hira da su har da dariya. Suna fita ya juya wa bango fuska.

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe uku na yamma

Mun koma ganin likita bayan mako ɗaya a gida. Bakwai da ɗigo biyu. Nama yana cikowa, ja, mai kyau. Dokta Mus'ab ya ce ƙafar ta tsira, in dai aka ci gaba a haka. Ya ce, "Baba, ka gode wa Mama." Simeon ya ce, "Mun gode wa Allah." Haka ne, ban musa ba.

Na shiga banɗakin asibiti na yi kukan da na tara wata guda, na wanke fuska na fito muka nemi keke.

Lahadi, 14 ga Satumba, ƙarfe uku na yamma

Simeon ya ce zai je coci ya ba da shaida. Na goge masa babbar rigarsa, na yanke saman tsohon takalminsa don bandeji ya samu wuri. Da sanda ya shiga, amma da ƙafarsa. Mata suka yi guɗa.

Ya tsaya a gaba ya gode wa Ubangiji. Ya gode wa Pasto da likita. Sai ya ce akwai waɗanda ba zai manta ba, matan da suka bar gidajensu suka ciyar da shi lokacin da yake kwance. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya, Cecilia da sauran, kowace da unguwarta da abin da ta kawo. Bai manta ko malt ba. Ana ta amin. Ina zaune ina jira, hannuna a kan gwiwa. Ban ce ya yabe ni ba. Sunana kawai, a ƙarshen layi ma ya isa.

Sai ya ce, "Kuma ina roƙon gafara wurin Mama Miriam da dukan Zumunta, domin abin da ya faru a ƙofar gidana. Ba da sanina ba ne. Ku yafe mana."

Kawuna suka juyo. Miriam ta miƙe tana share ido ta ce ta yafe. Aka tafa. Wata ta dafa kafaɗata daga baya ta ce, "An yafe miki, Mama." Na ce na gode. Da bakina na ce na gode.

Raina ya ɓaci, kuma ba na jin zai gyaru nan kusa. Na rubuta ne don in ga ko zai ragu, bai ragu ba.

Da muka iso gida ya zauna a kujerarsa, ya cire takalmin, ya ɗora ƙafar a kan ɗan benci kamar kullum. Na kawo ruwan gishiri da auduga. Na durƙusa na kwance bandejin, na wanke wurin ɗinkin, na share tsakanin yatsu ukun ɗaya bayan ɗaya. Yana kallon taga. Ƙafar tana da ɗumi a hannuna.